Wanda ya taɓa shan ɗauri, a karɓi shaidarsa ko a watsar?

Manomin Riɗi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a ƙirji tun ranar Talata, na ce bari in kawo ta nan tunda muna da malamai da lauyoyi a cikinmu.

Shekara 14 da suka wuce, marigayi Baba ya jinginar wa wani mutum da gonarmu ta bakin fadama, lokacin da jinyar mahaifiyarmu ta ci ƙarfinsa. Naira dubu 80 da buhu biyu na gero ya karɓa, a kan duk ranar da ya mayar, gona ta dawo. Ba a yi takarda ba. Tabarma aka shimfiɗa a ƙofar gida bayan la'asar, aka ƙirga kuɗi, aka shafa fatiha. Ban da su biyun, mutum huɗu ne a wurin. Biyu sun rasu, ɗaya tsufa ya kama shi har ba ya gane 'ya'yansa. Saura ɗaya.

Bana da muka sayar da riɗi, muka haɗa kuɗin muka kai wa magadan mutumin. Suka ce ai babansu sayen gonar ya yi. Mai unguwa ya yi iya yinsa, dagaci ya yi, abu ya ƙi, muka tafi gaban alƙali.

Ranar Talata shaidarmu ya tsaya ya faɗi komai tiryan-tiryan. Har baƙar ledar da aka ɗauro kuɗin a ciki ya ambata, da amalanken da ya kawo geron, da aduwar da ke kan iyaka. Da alƙali ya juya ya tambayi abokan shari'armu ko suna da suka, sai babban ɗansu ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai tsohon fursuna ne, satar akuya ya yi."

Ba ƙarya ya yi ba. Shaidan namu yana saurayi ɗan shekara 19, shi da abokansa suka ɗauke akuyar wani, aka ci shi tara, ya kasa biya, ya yi wata shida. Yau shekara 25 ke nan. Tun daga nan ko allurar wani ba a sake jin ya taɓa ba. Shi ne ma yake riƙe da kuɗin gyaran famfon unguwarmu, in ladan ya yi tafiya shi ke kiran assalatu. Ɗansa ɗan shekara 15 shi ya kawo shi a kan babur, yana tsaye a bakin taga, kuma bai taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Na ga bawan Allahn nan ya cire hularsa, ya shafa kansa, ya mayar, idonsa na ƙasa har aka tashi.

Alƙali ya ba mu mako biyu, ya ce ko mu kawo wani shaidar ko mu kawo masu wanke wannan. Shi kuma shaidan ya rantse ba zai sake taka kotu ba. Tambayata, shin haka shari'a ta ce? Laifin ƙuruciya ba ya mutuwa ke nan?

Dillalin Shanu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya fito muku da haƙƙinku. Amma ƙanena, kada zafin abin da ya same ka ya sa mu rushe katangar da ke kare mu duka. Shekarata sama da 20 ina cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ina zuwa Wudil ranar Juma'a. Na ga yadda ɓarawon shanu ke zuwa da 'yan uwansa ɓarayi su tsaya masa cewa saniyar nan a garkensa aka haife ta. Fes-fes da su, babbar riga da carbi. In aka hana ni in ce wa alƙali wancan an taɓa ɗaure shi a kan irin wannan, da me zan kare kaina? Hali zanen dutse ne. Kuma kowa ya tuba don wuya ba lada.

Malamin Zaure:
Alhaji, maganarka tana da gindi, amma bari mu ajiye kowane abu a muhallinsa.

Gaskiya ne shari'a ba ta karɓar shaida sai daga adali. A Suratul Baƙara aya ta 282 an ce daga waɗanda kuka yarda da su cikin shaidu, a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 2 an ce ma'abota adalci biyu daga cikinku. Malamai suka fassara adali da wanda yake nisantar manyan zunubai, yake kiyaye ƙananan a galibin halinsa, kuma yake da mutunci. Ku lura, halin da mutum yake ciki yanzu ake dubawa. Ba wanda ya ce adali shi ne wanda bai taɓa saɓo ba tun balagarsa. Da haka ne, da an rufe kotuna don rashin shaidu.

Wuri ɗaya ne Alƙur'ani ya fito fili ya ce kada a karɓi shaidar wanda aka hukunta, shi ne mai ƙazafi, a Suratun Nur aya ta 4: bulala 80, kuma kada ku karɓi shaidarsu har abada. Sai aya ta 5 ta biyo da togaciya, sai dai waɗanda suka tuba bayan haka suka gyara. Imam Abu Hanifa ya ce togaciyar ta ɗauke masa sunan fasiƙi ne kawai, shaidarsa ba ta dawowa. Imam Malik da Shafi'i da Ahmad suka ce in ya tuba shaidarsa ta dawo. Hujjarsu har da aikin Sayyidina Umar, wanda bayan ya yi wa mutum uku bulalar ƙazafi a shari'ar Mugira ɗan Shu'uba, ya ce musu duk wanda ya tuba zai karɓi shaidarsa.

Mu Malikiyya muna da wani bayani a kai. A cikin Risala, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya bi ta kanta, an ce wanda aka yi wa haddin zina in ya tuba ana karɓar shaidarsa, sai dai a kan zina. Malamai suka auna sauran a kan haka: wanda aka yi wa haddi ba ya shaida a kan irin abin da aka yi masa haddin, don ana tuhumar zai so ya samu abokan kunya. To Alhaji, ɓarayin shanunka sun shiga nan. Amma mutumin da ya ɗauki akuya shekara 25 baya, ya gyaru gari ya shaida, yau ya zo faɗar abin da ya gani a kan jinginar gona, ban ga inda littafi ya kore shi ba.

Manomin Riɗi:
Allah ya ƙara ilimi Malam. To me ya sa alƙali bai faɗi haka nan take ba?

Tsohon Muhuti:
Ɗana, ni na yi shekaru ina rubuta irin waɗannan zaman, kuma a yadda ka ba da labari, alƙali bai kore shaidarka ba. Abin da ya yi da farko sunansa i'izari, wato ba wa wanda shaida ta hau kansa damar ya yi suka. Wajibi ne, in ya tsallake shi ana iya rushe hukuncin a ɗaukaka ƙara. Abin da ya nema daga gare ku kuma shi ne tazkiyya. Mutum biyu adalai da suka zauna da shi, suka san cikinsa da wajensa, su zo su ce shi adali ne yardajje. Mutum ɗaya ba ya isa a tazkiyya, haka ma a suka, sai dai in shi shaidan ya amsa da bakinsa. In an wanke shi, a sha'anin dukiya shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara suna isa a mazhabarmu. In sun ɗauko maganar hauzi, cewa gona ta wuce shekara 10 a hannunsu, hauzi ba ya cin abin da aka tabbatar jingina ne ko aro.

Inda nake ganin gyara shi ne yadda ake yin sukar. Fiƙihu ya san tazkiyyar sirri, alƙali ya samu amintaccensa ya bincika halin shaida a ɓoye. Mu kuwa mun mayar da abin tonon silili a gaban jama'a. Na sha ganin dattijo ya shigo da ƙafarsa don Allah, ya fita kamar an yi masa wanka da ruwan kwata. Gobe ko da kuɗi aka kira shi ba zai zo ba.

Ɗan Acaɓa:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni ma ina da irin wannan tabo, kuma ban taɓa faɗa a zaure ba sai yau. An yi faɗa a tasha, aka kwashe duk wanda ke wurin, har da ni da na tsaya shan ruwa. Na yi wata huɗu ina jiran shari'a, ba mai tsaya mini beli, matata na da tsohon ciki. Wani ya ce mini in na amsa laifi za a yanke mini ɗan kaɗan a haɗa da zaman da na yi, in na musa kuwa sai dai a yi ta ɗage zama. Na amsa. Bayan sati uku na fito, na tarar an yi suna. A takarda ni mai laifi ne. Yanzu in na ga mota ta take yaro a gabana, na je shaida, sai a ce mini maƙaryaci saboda wannan?

Tsohon Gandiroba:
Yaro, Allah ya saka maka. Abin da ka faɗa shi ne abin da na gani da idona har na yi ritaya. Jama'a suna ɗauka takardar ɗauri tana raba nagari da mugu. Wallahi sau da yawa talaka da mai hali take rabawa. Yara biyu su yi laifi ɗaya, uban ɗaya ya je ya biya mai kaya a sasanta a gaban dagaci, magana ta mutu, ba takarda. Ɗayan maraya ne, sai ya zo hannunmu. Bayan shekara 20 na farko Alhaji ne adali, na biyu tsohon fursuna. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan ma jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba, amma in sun fito gari ba ya bambancewa, duk "ya taɓa zuwa gidan yari" ne.

A 2019 aka sa hannu a dokar da ta sauya mana suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali. To in gwamnati da kanta ta ce gyara take yi, yaya kuma kotun gwamnatin za ta riƙa kallon wanda ya fito kamar ba ya gyaruwa?

Dillalin Shanu:
Ban musa ba, akwai waɗanda aka zalunta. Amma ku ma kun san akwai 'yan shaidar haya da ke zama a gindin bishiya kusa da kotu, a ba su na goro su rantse a kan gonar da ba su taɓa gani ba. Su fa?

Malamin Zaure:
Su ai sun fi kowa shiga uku a shari'a. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari a kan alƙalanci, ya ce Musulmi adalai ne a kan junansu, sai wanda aka yi wa bulalar haddi, ko wanda aka jarraba da shaidar zur, ko wanda ake tuhuma saboda kusanci. A kan mai shaidar zur malamanmu sun tsananta ƙwarai, har wasu suka ce ko ya tuba ba a sake karɓar tasa, don ba a iya gane tubansa, tunda da ma da rigar mutanen kirki ya yi ha'incin. Kun ga bambancin ke nan. Laifin da ya shafi harshe da amana shi ke cin shaida kai tsaye. Kuma mafi yawan waɗannan na gindin bishiyar, Alhaji, ba su da takardar ɗauri ko ɗaya. In takarda ce ma'auninka, su za su wuce, mai kiran assalatu ya maƙale.

Barista:
Na biyo ku tun daga sama, yanzu na fito daga kotu. Bari in kawo ɓangaren dokar boko, don in rigima ta je gaban majistare ko babbar kotu, ita za a bi.

Dokar Shaida ta 2011 ba ta hana tsohon ɗaurarre ba da shaida ba. Sashe na 175 ya ce kowa ya cancanta, sai wanda ƙuruciya ko tsufa tukuf ko ciwo ya hana shi fahimtar tambaya da ba da amsa mai ma'ana. Amma sashe na 223 ya ba lauyan ɗaya ɓangaren damar yi wa shaida tambayoyin da za su girgiza amincinsa ta hanyar taɓa halinsa. In aka tambaye shi ko an taɓa ɗaure shi ya ce a'a, sashe na 229 ya yarda a kawo hujjar ɗaurin a ƙaryata shi. Shi ya sa kullum nake gaya wa shaiduna, kada ka ɓoye, ɓoyewar ta fi laifin illa.

Akwai birki a sashe na 224. Alƙali na iya hana tambaya in abin ya yi nisa a zamani, ko irinsa ba zai taɓa gaskiyar mutum a kan abin da ya zo faɗa ba, ko kuma ɓatancin ya fi girman shaidar nesa ba kusa ba. Akuya ta shekara 25 ta faɗa cikin wannan sarai. Matsalar ita ce dokar ba ta yanka adadin shekaru ba, ba ta kuma jera irin laifukan ba. Komai na hannun alƙali, kuma sai lauya ya miƙe ya yi ƙorafi. Mutumin ƙauye da ya zo ba lauya, wa zai miƙe masa?

Wanda ake tuhuma da kansa yana da kariya fiye da shaida. In ya zaɓi ya yi magana don kare kansa, asali ba a tambayarsa tsofaffin laifukansa, sai in shi ya fara yabon halinsa, ko ya ɓata masu ƙara da shaidunsu, da wasu 'yan togaciya. Wato doka ta san wannan tambayar dafi ce, ta kare wanda ake zargi, ta bar bawan Allahn da ya zo taimakon kotu a fili.

Amma Manomi, shari'arka ba ta ƙarƙashin wannan dokar. Sashe na 256 ya cire shari'o'in da ba na laifi ba a irin waɗannan kotunan namu, fiƙihu ake bi. Don haka maganar Malam da Baba Muhuti ita ce hanyarka.

Ɗalibin Shari'a:
Barista ranka ya daɗe, a ba ni dama in ƙara da abin da muka karanta, don a ga ba mu kaɗai ke wannan gardamar ba. A Ingila a da, wanda aka ɗaure kan babban laifi ba ya shaida sam, sai a 1843 aka soke wannan, aka koma ana karɓa amma ana suka. A 2003 suka sake ƙuntatawa, yanzu a shari'ar laifi ba ka tono tarihin shaida sai kotu ta ba ka izini ko ɓangarorin sun yarda, kuma sai ka nuna yana da nauyi na gaske a kan abin da ake jayayya. Tun 1974 kuma suna da dokar da ke sa wasu laifuka su zama kamar an shafe su bayan wasu shekaru.

A Amurka kotunan tarayya suna bin ƙa'ida ta 609, wadda ta fara aiki a 1975. Ta raba laifi gida biyu. Wanda ya ƙunshi ƙarya ko yaudara, dole a bari a faɗa. Babban laifin da hukuncinsa ke iya wuce shekara ɗaya, alƙali zai auna amfaninsa da cutarwarsa. In an wuce shekara 10 daga yanke hukunci ko fitowa daga kurkuku, wanda ya zo daga baya a cikinsu, ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya. Duk da haka masana da yawa a can suna neman a ƙara gyarawa, don sun ce wanda ake tuhuma yakan ƙi buɗe baki ya kare kansa saboda tsoron a karanto tarihinsa, kuma abin ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata da talakawa, tunda su aka fi kamawa. Jihar Montana ta hana wannan sukar ɗungurungum. A Hawaii tun 1971 kotun ƙolinsu ta hana a yi wa wanda ake tuhuma ita.

Dillalin Shanu:
Yaro, Amurka daban, Gumel daban. Su suna da kwamfuta, ka danna ka ga tarihin mutum. Mu nan abin da gari ya sani shi ne rajistarmu.

Barista:
Alhaji, ba sai mun je Amurka ba. Tsarin mulkin 1999 namu, sashe na 66, ya hana mutum takarar majalisar tarayya in an ɗaure shi kan laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe. Irin wannan sharaɗin yana kan ɗan majalisar jiha da gwamna da shugaban ƙasa. Bayan shekara 10 yana iya tsayawa, ya ci, ya riƙe baitulmalin jiha guda. To mutumin da doka ta yarda ya zama gwamna, a ce bai isa ya faɗi inda iyakar gona take ba?

Malamar Firamare:
Salamu alaikum. Tun ɗazu maza ke magana, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Wanda ya fi cutuwa in shaidu suka gudu, mace ce da maraya. Namiji mai ƙarfi yana da takarda, yana da mutane. Matar da miji ya rasu ya bari, 'yan uwansa suka hau kan gona, ba ta da kowa sai maƙwabcin da ya ji da kunnensa. In maƙwabcin nan ya san za a tona masa asiri a gaban surukansa, zai ce ba ya nan aka yi. Kuma ku tuna wannan bawan Allahn yana da 'ya'ya mata. Maganar da aka faɗa ranar Talata, kafin Juma'a ta kai gidan duk wanda ke neman aurensu.

Amma Barista, ni ban yarda a yanka shekara 10 a ce komai ya wuce ba. Mutumin da aka ɗaure kan lalata da yarinya, bayan shekara 12 ya zo yana wanke abokinsa a irin wannan ƙarar, wallahi ina so alƙali ya sani. Ko shekara 30 ce.

Barista:
Malama, na karɓi wannan gyaran. Ya ma dace da abin da Malam ya kawo na wanda ba ya shaida a kan irin laifinsa. Abin da nake so a rubuta shi ne, shekaru su zama asali, wanda ke son tono abin da ya wuce haka shi zai nemi izini tukuna, ya nuna alaƙarsa da shari'ar da ake yi, kuma a ofishin alƙali, ba a gaban jama'a ba. Dokar Shaida sai Majalisar Tarayya, ko a 2023 sun taɓa ta a kan hujjojin na'ura, ba su waiwayi wannan ba. Amma tsarin zaman kotunanmu na shari'a a jiha ake yin sa, wannan bai fi ƙarfin Dutse ko Kano ba.

Mai Shagon Taki:
Ni tambayata daban ce. Shekara 14 suna noma gonar jingina suna cinye amfanin, wannan ba riba ba ce Malam?

Shugaban Zaure:
Tambaya ce mai kyau, amma a buɗe mata nata zaren. Mu gama da ta shaida.

Malamin Zaure:
Za mu zo kanta in sha Allahu. Abu ɗaya zan ƙara, saboda Alhaji ya ce abin da gari ya sani shi ne rajistarmu. Na yarda, kuma hujja ce a kansa. Garin da ya san akuyar shi ne ya san shekara 25 da suka biyo baya, shi ya damƙa wa mutumin kuɗin famfo. Ba daidai ba ne a karanta shafin farko a rufe littafin. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce in aka rasa cikakkun adalai a wani wuri, sai a ɗauki mafi dama-dama a cikinsu don kada haƙƙoƙi su salwanta. A Maroko har suka yi aiki da shaidar mutum 12 gama-gari a madadin adalai biyu. Ko fasiƙi na sosai, Suratul Hujurat aya ta 6 cewa ta yi a bincika labarinsa, ba ta ce a toshe kunne ba.

Shi kuma shaidan naku, Manomi, a je masa da lallashi. An cuce shi, kuma ƙarshen ayar nan ta 282 ta hana a cutar da marubuci ko shaida. Amma aya ta 283 ta ce kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Tunda shi kaɗai ya rage, abin ya zama wajibi a wuyansa. Kada dai a fara masa da wannan. A fara da ba shi haƙuri.

Dillalin Shanu:
To, ni dai har yanzu ina kan cewa alƙali ya ji komai, shi ya auna, kada a ɗaure masa hannu da lissafin shekaru. Mugu na iya kwantawa shekara 10 yana jira. Amma maganar a yi shi a ofis ba a gaban yaro ba, wannan na bi. Da ɗana ne a bakin tagar nan, ban san me zan yi ba.

Ɗan Acaɓa:
Baba Muhuti, masu tazkiyyar nan, dole sai masu kuɗi ko masu sarauta?

Tsohon Muhuti:
A'a ɗana. Mutanen da alƙali zai natsu da su, waɗanda suka daɗe tare da shi, suka yi cinikayya ko tafiya ko maƙwabtaka da shi. Liman da wani dattijon unguwa sun wadatar. Kada dai su kasance cikin magadan da za su ci gonar. Kuma Manomi, ka roƙi alƙali cikin ladabi ya saurare su kafin a cika ɗakin, yawancinsu ba sa ƙi.

Manomin Riɗi:
Na gode muku duka, har da Alhaji, don maganarsa ce ta sa aka fito da abin da ban sani ba. Bayan magariba na karanta wa liman abin da Malam da Baba Muhuti suka rubuta. Ya ce shi zai je, kuma zai nemi mai unguwar da ya gabata, wanda suka yi shekaru suna zuwa cin rani Legas tare da mutumin.

Daga nan muka wuce gidansa ni da liman. Bai fito ba, ɗan ne ya fito ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa a kwanon sha. Liman ya zaunar da yaron ya ce masa, duk unguwar nan ba wanda na yarda in ba ajiya kamar ubanka. Yaron bai ce komai ba, ya shiga ciki. Can sai uban ya leƙo daga zaure ya ce mu ba shi zuwa Juma'a.

Zaman na ranar Talata ta sama ne, ƙarfe tara. Barista, in ya yarda zai je, zan kira ka ranar Asabar ka gaya mini yadda zan roƙi alƙali maganar ofis ɗin, don ban san kalmomin da ake faɗa ba.